Anti, Da Gaske Mutum Ne Yake Ba Ni Amsa?

Ni ma'aikaciyar sadarwa ce a wata ƙungiya da ke haɗa matasa da guraben koyon sana'a da tallafin karatu. Idan aka tambaye ni aikina, a gajarce nakan ce ina kula da shafukan ƙungiyar na sada zumunta, sai mutum ya ɗauka wuni nake yi ina ɗora hotuna. Gaskiyar magana, mafi yawan lokacina a akwatin saƙo yake ƙarewa, ina karanta tambayoyin yaran da ban taɓa ganin fuskarsu ba, ina ba su amsa. Yadda aka yi na iso nan, da abin da ya sa nake ganin wannan amsar ita ce kan gaba a duk wani yunƙurin jawo hankalin matasa, shi nake so in ba da labari.

Aikin jarida da sadarwa na karanta a jami'a, kuma aikina na farko a wani kamfanin talla ne. A can na koyi sana'ar a hannun mutanen da suka goge a tallar rediyo da talabijin da allon bakin titi. Sun koya mini abubuwan da har yau nake cin moriyarsu: kada a cusa saƙo biyu a talla ɗaya, a san wanda ake yi wa magana kafin a buɗe baki, a maimaita har kunne ya saba. Sai dai duk wannan ilimin an gina shi ne a kan cewa mai sauraro ba shi da bakin mayar da magana. Ka sayi fili, ka faɗi naka, ka tafi. Facebook ya fito tun 2004, a 2006 aka buɗe shi ga duk wanda ya kai shekara 13. YouTube ya zo a 2005, Twitter a 2006. Amma a ofishinmu kallon wurin hirar 'yan makaranta ake yi musu. Idan an gama shirya tallar rediyo da ta jarida, ragowar ake ɗorawa a intanet.

Abin da ya sauya mini hanya a gida ya faru. Ƙanena ya gama sakandare da sakamako mai kyau, a lokacin kuma ƙarfin mahaifinmu ya ja baya, babu halin ɗaukar nauyin karatunsa. Sai yaron ya shiga neman tallafi da kansa, dare da rana yana kan waya. Wata rana ya ci karo da sanarwar tallafin karatu a wani shafi mai tambari tsaf, da hotunan ɗalibai suna murmushi. Ya tura saƙo, kafin ya ajiye wayar an ba shi amsa. Suka kira shi da sunansa, suka tambaye shi fannin da yake so, suka yaba sakamakonsa. Ya tura musu hoton takardunsa. Daga nan suka ce akwai kuɗin rajista, kuma gurbi ya kusa cika. Ya ranto ya tura ba tare da ya gaya wa kowa ba, don yana so ya zo mana da albishir. Kuɗin suna shiga, shafin ya ɓace.

Daren da ya gaya mini ban yi masa faɗa ba, na ga kunya ta riga ta gama da shi. Tambaya ɗaya na yi masa, me ya sa ya yarda da su. Sai ya miƙo mini wayar ya ce, "Yaya, duba ki gani. Su kaɗai ne suka amsa mini." Na zauna ina bin saƙonninsa ɗaya bayan ɗaya. Ya rubuta wa makarantu na gaskiya, da gidauniyoyi na gaskiya, da ofisoshin da aka kafa domin irinsa. Kowane saƙo da gaisuwa ya fara, da "don Allah" ya ƙare. Wasu an buɗe an karanta, alamar tana nan, ba a ce masa uffan ba. Wasu ko buɗewa ba a yi ba, wata da watanni. Wuri ɗaya ne ya mayar da amsa, ita ma na'ura ce ta turo, wai ya ziyarci shafinsu na intanet, shafin da ya cinye masa data bai gama buɗewa ba.

Na daɗe ina juya wannan abin a raina. Ɗan damfara ya riƙe abin da mu masu takardar sadarwa muka saki. Yana magana da harshe mai sauƙi, yana amsawa da wuri, yana nuna wa yaro cewa an san da zamansa. Mai gaskiya kuwa ya liƙa sanarwa ya juya baya. Daga baya Allah ya buɗa wa ƙanena ta wata hanya, ya yi karatunsa, amma ni abin bai bar ni ba. Da na ji ƙungiyar da nake yi wa aiki yanzu tana neman jami'in sadarwa, a 2016, na ajiye aikin talla na nemi gurbin.

Na tarar da shafin kamar yadda na zata. Hoton shugabanni a kan babban teburi, hoton musabaha da baƙi, hoton miƙa takardar shaida. Sanarwa kuma da irin harshen takardar ofis, sai ka karanta layi shida ba ka san abin da ake so ka yi ba. Akwatin saƙo babu mai leƙa shi, tambayoyi sun taru jibgi. Abin ya yi mini kama da mutum ya tsaya a ƙofar gida yana ta sallama, yana jin motsin mutane a ciki, amma babu wanda ya amsa masa.

Na je wurin shugabanmu na ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon a bar mini rabin ranar aikina don amsa saƙonni." Ya dube ni ya ce, "Malama, mun ɗauke ki ne ki ƙara mana mabiya. Waɗanda ke ba mu tallafi yawan mabiya suke tambaya." Ban yi masa gardama ba. Washegari na buga wasu daga cikin saƙonnin a takarda, na rufe sunayen, na ajiye masa a teburi. A cikinsu akwai na wata yarinya kurma da ta tambaya ko irinta za ta iya shiga horon ɗinki, tunda ba ta jin magana amma tana karatu da rubutu. Amsar ita ce eh, har ma an tanadi mai fassara da hannu. Amma an rufe rajista tun watannin baya, saƙonta yana kwance ba a buɗe ba. Ya karanta ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in je in yi abin da na ga ya dace. Mutumin kirki ne, kawai dai ba a taɓa nuna masa wannan ɓangaren ba.

Da na zauna a kan saƙonnin sai na ga ashe tambayoyin maimaita kansu suke yi. Na cancanta? Ana biyan kuɗi? Yaushe za a rufe? Sai babbarsu, wadda take zuwa ta fuskoki daban-daban: da gaske ne ko damfara? Babu ɗaya daga cikinsu da sanarwarmu take amsawa a layin farko. Mu tarihin ƙungiya muke farawa da shi, da sunayen abokan hulɗa, ranar rufewa kuma can ƙasa da ƙananan baƙaƙe.

Na roƙi a ba ni wasu daga cikin matasan da suka taɓa cin gajiyar shirinmu su riƙa zama da ni. Hujjar da na kafa ita ce Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda sashe na 12 nata ya ce yaro yana da haƙƙin a saurari ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi. Mun daɗe muna rubuta wannan a takardun neman tallafi, sai na ce to mu fara aiki da shi a ɗakin da ake rubuta sanarwa. A zamanmu na farko na ba wata yarinya 'yar shekara 19 sabuwar sanarwar da na gyara, ina jin ta yi sauƙi. Ta ƙi karɓar takardar, ta ce in turo mata ta waya, don a nan za a karanta ta. Wayarta ƙarama ce, gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa tsakiya. Ta buɗe hoton, ta ja shi da yatsu biyu don ya girma, ta sake ja, sannan ta ce, "Anti, sai na ja sau biyu kafin in ga ranar rufewa. Idan a hanya nake, wucewa zan yi." Ta karɓi biro ta rubuta layi huɗu: waye zai iya nema, kyauta ne ba a biyan ko sisi, ranar rufewa, da lambar da za a tura tambaya. Ta ce a rage nauyin hoton, don mai ƙaramar data ya iya buɗewa, ya kuma iya tura wa abokinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun daga ranar babu abin da ke fita daga hannuna sai an buɗe shi a irin wannan wayar an gani, duk kyan da ya yi a babbar kwamfutar ofis.

Su ne suka koya mini cewa yawancin bidiyo a rufe da murya ake kallonsa, a aji ko a mota ko kusa da iyaye, don haka dole a sa rubutu a ƙasansa. Su ne suka hana ni ɗauko kalmomin yayi na yara ina cusawa a rubutun ƙungiya. Wani daga cikinsu ya ce mini, "Anti, idan babba ya yi magana irin tamu, mun san wani abu yake so a wurinmu." Na riƙe wannan. Matashi yana son a yi masa magana a sarari, da girmamawa, ba tare da wa'azi ba, kuma yana gane kwaikwayo tun daga nesa. Na kuma daina ɗaukar "matasa" a matsayin abu guda. Majalisar Ɗinkin Duniya tana lissafa su daga shekara 15 zuwa 24, amma ɗan 15 da ke aron wayar yayarsa da dare, da 'yar 24 mai goyo da ke neman abin yi daga gida, damuwarsu ba ɗaya ba ce, lokacin da suke riƙe waya ma ba ɗaya ba ne.

Dandalin kuwa bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Snapchat ya kawo labarin da ke ɓacewa bayan kwana ɗaya a 2013, Instagram ya kwaikwaya a 2016, WhatsApp ya kawo nasa a 2017. A watan Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya sanar da cewa Facebook zai fifita abin da 'yan uwa da abokai suka wallafa a kan na kamfanoni da ƙungiyoyi, muka wayi gari waɗanda ke ganin rubutunmu sun ragu ba tare da mun sauya komai ba. A shekarar ce kuma kamfanin ByteDance na ƙasar Sin ya haɗe manhajar gajeren bidiyo ta Musical.ly da TikTok, inda manhajar ke zaɓa wa mutum bidiyo bisa abin da ya tsaya ya kalla, ko da bai bi mai shi ba. Daga nan yawan mabiya ya fara rage daraja. Yaran da nake aiki da su kuma sun ce mini tunda iyayensu da malamansu suka cika Facebook, sun bar sunansu a can amma hirarsu ta koma wani wuri. Mafi yawan maganar da ke da tasiri a ƙananan zaurukan WhatsApp take gudana, na 'yan aji ɗaya ko na abokai, inda babu ma'aunin da ke gani. Sanarwar da aboki ya tura wa aboki da kalmar "gwada wannan" ta fi duk tallar da muka taɓa biya.

Shi ya sa ban cika yarda da alƙaluman da manhajoji ke nunawa ba. Facebook ya daɗe yana lissafa cewa an kalli bidiyo da zarar ya yi daƙiƙa 3 a fuskar waya, kuma a 2016 kamfanin da kansa ya amsa cewa ya yi kusan shekara biyu yana kumbura matsakaicin lokacin da ake kallon bidiyo, saboda kuskuren lissafi. Idan aka kawo mini rahoto mai ɗauke da dubban "masu kallo", abin da nake tambaya shi ne mutum nawa suka cike fom har ƙarshe, nawa suka tsaya a tsakiya kuma a wane layi, nawa suka zo ranar farko ta horo. Waɗannan lambobin ƙanana ne, ba sa burge taron shugabanni, amma su ne suke nuna ko rayuwar wani ta motsa.

Akwai saƙon da ba na mantawa da shi. Da dare ne, na gama komai na ɗauki wayar aiki in duba kafin in kwanta. Wani yaro ya tambaya ko wanda bai gama sakandare ba zai iya shiga horon gyaran waya. Na amsa masa cewa zai iya, na gaya masa abin da zai kawo. Sai ya rubuto, "Anti, da gaske mutum ne yake ba ni amsa?" Na ce masa eh, mutum ce, na faɗa masa matsayina a ƙungiyar. Sai na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Daga ƙarshe ya turo saƙon murya, yana magana ƙasa-ƙasa kamar yana tsoron kada ya tashi na kusa da shi. Ya ce wayar ta yayansa ce, da dare kaɗai take zuwa hannunsa. Ya ce ya bar makaranta ne don karatu yana yi masa wuya, kuma yana tsoron a ba shi fom a gaban mutane ya kasa cikewa a yi masa dariya. Tambayar da ya fara yi ta takarda ce, amma wannan tsoron ne ainihin abin da ke tsaye masa a wuya, kuma ba zai taɓa rubuta shi a ƙarƙashin sanarwa kowa yana gani ba. Na ce masa ya zo, akwai wanda zai zauna da shi su cike tare a gefe. Da safe na gaya wa masu rajista. Ya zo, ya yi horon har ƙarshe. Saboda shi ne muka fara fitar da kowace sanarwa da murya, muka kuma ƙara layi ɗaya a ƙasa: idan cike fom yana ba ka wahala, gaya mana, za mu taimaka maka ba tare da kowa ya sani ba. Waɗanda suka amsa wannan layin sun fi yadda na yi tsammani yawa.

Tun da ChatGPT, manhajar da ke amsa tambaya kamar mutum, ya fito a ƙarshen 2022, ake ta kawo mana shawarar mu miƙa akwatin saƙo ga na'ura. Ba na gaba da ita. Tambayar ranar rufewa ko adireshi, na'ura tana iya amsawa da tsakar dare lokacin da nake barci, kuma hakan alheri ne. Sharaɗina biyu ne: ta faɗa a fili cewa ita na'ura ce, kuma a bar ƙofar da yaro zai ce yana son magana da mutum. Yaudarar matashi a kan wanda yake magana da shi, ko da don amfaninsa ne, hanyar 'yan damfara ce.

Matsin da ya fi damuna a wannan aikin shi ne na neman abin da zai yi tashe. Kowane shugaba ya ji labarin gasar zuba ruwan ƙanƙara a ka ta 2014, wadda ta tara wa ƙungiyar Amurka mai yaƙi da ALS, cutar da ke lalata jijiyoyin motsa jiki, dala miliyan 115, sai ya ce a ƙirƙiro masa irinta. Ba a yin irin wannan da umarni, mutane ne suka ɗauka suka yaɗa don kansu. Haka batun masu tarin mabiya da ake biya su yi talla. Mun yi aiki da su, wasu sun yi mana amfani, amma na lura cewa tsohon ɗalibinmu mai mabiya kaɗan, wanda ya nuna teburin aikinsa da hannunsa ya ce ga inda ya koya, ya fi kawo mana waɗanda suke zuwa da gaske. Kuma duk wanda muka biya, sai ya rubuta a sarari cewa talla ce. Wasu sun ƙi, suka ce hakan yana rage masu kallo, muka rabu lafiya.

Akwai kuma ɓangaren da ke hana ni barci. Mun taɓa ɗaukar bidiyon wata yarinya da ta koyi aikin wutar lantarki, da yardarta da sa hannun mahaifiyarta. Ta yi magana da ƙarfin gwiwa, bidiyon ya bazu fiye da duk abin da muka taɓa ɗorawa. A ofis ana murna. Ni kuwa ina ƙarƙashinsa ina karanta tsokaci. Da ya fita daga hannun mabiyanmu ya faɗa hannun baƙi, sai magana ta bar aikinta ta koma kan jikinta da kamanninta. Ina gogewa, ina toshewa, wasu suna ƙaruwa. Wani ma ya gano shafinta na kanta. Mahaifiyar ta kira ni ta ce, "'Yata, yarinyar nan ta kwana biyu ba ta fita ba." Na ce, "Mama, yanzu zan sauke shi." Na sauke kafin in nemi izinin kowa, sannan na je na yi bayani. An yi mini maganar cewa na zubar da babbar dama. Na ce yarinyar ta yarda a nuna aikinta ne, kuma abin da ke faruwa yanzu ba shi ta sa wa hannu ba. Daga nan muka sauya takardar neman izini: muna zama da yaro da iyayensa mu gaya musu mafi munin abin da zai iya faruwa, ba ma sa cikakken suna ko abin da zai nuna inda yaro yake, kuma duk ranar da ya ce a sauke, za a sauke ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Ba ni kaɗai ke da wannan fargabar ba. A 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna binciken kamfanin kansa ya gano Instagram yana ƙara wa wasu 'yan mata damuwa a kan surar jikinsu, ta kuma ba da shaida a gaban majalisar dattawan Amurka. A 2023 babban jami'in lafiya na Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi a kan shafukan sada zumunta da lafiyar ƙwaƙwalwar matasa. A Nuwamban 2024 majalisar Ostareliya ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan dandalolin. Ina karanta waɗannan ina tambayar kaina ko ni ma ina cikin masu riƙe yara a kan waya fiye da kima. Abin da na iya yi a nawa ɓangaren shi ne in guji dabarun da na san suna aiki amma suna cutarwa. Ba na rubuta "gurbi ya kusa cika" idan bai kusa ba. Ba na tsoratar da yaro da cewa sa'o'insa sun wuce shi. Ba na karɓar bayanan da ba ma buƙata, musamman tun badaƙalar kamfanin Cambridge Analytica ta 2018, inda aka kwashi bayanan masu amfani da Facebook da yawansu zai iya kai miliyan 87 ba da saninsu ba. Idan fom ɗinmu ya tambayi abu, dole ne in iya faɗa wa yaro dalilin tambayar da kuma wanda zai gani. Burina yaro ya samu abin da ya zo nema ya ajiye wayar ya tafi wurin horo.

Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida, muna tsakiyar karɓar rajista. Kafin nan, a 2020, Indiya ta haramta TikTok, waɗanda suka tara mabiya a can suka wayi gari babu. Kayan aro ba ya rufe katara. Tun daga lokacin muke ajiye lambobin waɗanda suka amince, muna tura musu gajeren saƙo na waya da ba ya buƙatar data. Na ɗauki darasi daga U-Report, shirin da UNICEF ya fara a Yuganda a 2011, inda ake tambayar matasa ra'ayinsu ta irin wannan saƙon. Wannan ya kuma tuna mana da waɗanda ba su taɓa kasancewa a kan intanet ba, 'yan matan da ba a bar su su riƙe waya ba, da yaran da gidansu waya ɗaya ce. Su har yanzu ta rediyo da malamansu da bakin abokai ake samunsu, kuma idan muka ƙidaya nasara da laik kaɗai, su ne farkon waɗanda za mu manta.

A yanzu abin da muke fama da shi shi ne masu kwaikwayon shafinmu. Suna ɗaukar tambarinmu da hotunanmu, su buɗe shafi mai suna kusan iri ɗaya, su bi waɗanda suka yi tsokaci a ƙarƙashin sanarwarmu suna neman kuɗin rajista. Muna kai ƙara, a rufe ɗaya wani ya fito. Abin da ya fi yi mana magani shi ne a kowace sanarwa muna maimaita cewa ba ma karɓar kuɗi daga kowa, sannan duk wanda ya tambaye mu "wannan naku ne?" yana samun amsa a ranar. Yara da yawa yanzu kafin su tura komai sai su ɗauki hoton saƙon su turo mana mu duba.

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma na daɗe ina jin nauyin cewa matasan da ke taya ni kyauta suke yi, alhali su ne suka gina mafi kyawun abin da muke da shi. Na kai maganar gaban kwamitin gudanarwa, aka ce babu kuɗi. Na kawo shawarar a rage kasafin tallar da muke biya a intanet a mayar da shi albashi. An ja maganar ta yi tsawo, wasu har yau ba su gamsu ba, amma a bara aka ɗauki biyu daga cikinsu aiki. Ɗaya ita ce yarinyar da ta rubuta mana layi huɗun nan. Ita ke riƙe akwatin saƙo daga yamma zuwa farkon dare, lokacin da yawancin tambayoyi ke shigowa, kuma a wannan watan ta fara horar da sababbin 'yan sa-kai yadda za su gane saƙon da amsa ta ishe shi, da wanda dole a miƙa shi ga babba cikin gaggawa.